Allurar Man Babur ɗin Auta

Ran nan da hantsi Auta ta shigo gida tana tura babur, gumi ya jiƙa mata mayafi, jakar magungunan dabbobi na reto a kafaɗarta. Aikinta ke nan, bin garke-garke tana duba shanu da awaki, kuma babur ɗin nan shi ne ƙafarta.

Inna tana shanya a tsakar gida. Ta dube ta, ta dubi babur ɗin.

"Yau ma ke kika ɗauko shi, ba shi ya ɗauko ki ba?"

"Mai ya ƙare min a hanya, Inna. Allurar nan ta ce akwai rabin tanki. Jiya kuwa ina fita daga gidan mai ta kwanta kamar ban zuba komai ba. Bari in sha ruwa in kai wa bakanike."

Inna ta rage murya, ta nuna ƙofar ɗakin Baba da haɓa. "Ga bakanike kwance a ɗaki, za ki kai wa na waje?"

Baba ya yi rayuwarsa yana gyaran babura, amma tun da idonsa ya yi rauni ya rufe gareji, ya koma ɗaki shi da rediyo. Haske da duhu kawai yake bambancewa. In aka yi zancen inji a gabansa sai ya juya fuska bango, shi ya sa kowa ya daina.

Ba ta kai ga yanke shawara ba sai ga muryarsa daga ciki.

"Allurar rawa take yi, ko kwanciya take yi ta ƙi tashi?"

"Rawa, Baba. Wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa."

"Ke da kike sana'ar allura, allura ta gagare ki?"

Ya fito yana laluben bango. Auta ta jawo masa kujera kusa da babur ɗin, ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan tanki kamar mai gaisawa da tsohon aboki. Ya ce ta ɗauko akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado. Da ta buɗe shi, warin tsohon man inji ya tashi, Baba ya ja numfashi.

"Ni ne kai, ke ce hannu," in ji shi. "Kada hannu ya riga kai. Cire sirdin."

Ta kwance noti biyu ta ɗaga sirdin. Ya sa ta bi wayar da ta fito daga ƙasan tanki har inda ta haɗu da 'yar uwarta, ta zare mahaɗin, ta gaya masa abin da ta gani. Ƙura ce da ɗan tsatsa. Ta goge, ta hura, ta mayar. Ta murɗa makulli, allura ta tashi kaɗan, ta yi karkarwa, ta faɗi.

"To, mu tambayi agogon man kansa," in ji Baba. Ya sa ta sake zare mahaɗin, ta taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen babur. Allura ta miƙe har ƙarshe.

"Ta cika, Baba!"

"Agogo ba shi da laifi. Saura na cikin tanki. Akwai wata 'yar roba da ke iyo a kan mai, ita ke gaya wa allura inda mai ya tsaya. In ta huje ta sha mai, sai ta riƙa nitsewa tana ƙarya. Ita ce, ko shakka babu. Na ga irin wannan ba adadi."

Da yake tankin kusan wayam yake, ba su sha wahala ba. Auta ta tsiyaye ɗan abin da ya rage a kwalba, Baba ya sa Inna ta kashe murhu tukuna. Ta kwance sukurorin, ta zaro abin a hankali, ta sa masa a hannu. Ya shafa shi ko'ina, ya ɗaga 'yar robar ya sauke, ya kai ta kunne ya girgiza. Ya sake girgizawa. Babu motsin mai a ciki.

Fuskarsa ta canja. Ya miƙa mata abin.

"Lafiyarta ƙalau. Mayar." Ya jingina da kujera. "Da ina gani da tuni na gama. Kai wa yaran nan na bakin titi, suna da na'ura."

Auta ta mayar da komai yadda ta same shi, ta juye man da ke kwalba, ba ta ce za ta kai ba, ba ta ce ba za ta kai ba. Ta tsuguna tana kallon agogon, makulli a buɗe, allura ta ɗan ɗago tana tsaye cak.

Inna ta zo da zanin gado a kafaɗa. "Ku da babur ɗinku kun tare min igiya." Ta kama hannun babur ɗin ta karkatar da kansa gefe don ta wuce.

Allura ta faɗi.

"Inna, tsaya! Mayar da shi yadda yake."

Inna ta mayar. Allura ta tashi. Auta ta karɓi hannun ta juya hagu, allura ta faɗi, ta juya dama, ta yi tsalle ta wuce rabi.

"Baba, in na juya kan babur sai ta motsa."

Baba ya ɗago daga jinginar da ya yi. "In kin juya kai? Kai hannuna wuyansa."

Ta kama hannunsa ta kai inda wayoyi suka taru suka bi ta wuyan babur zuwa agogo. Yatsunsa suka shiga tsakaninsu suna bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ta juya a hankali. Ta juya. Ya tsaya.

"Ga ta. Sa yatsanki inda nawa yake."

Ta ji wurin. Ƙarfe ya daɗe yana gogar wayar har ya cinye robar, 'yan siraran zaren ciki sun tsinke saura kaɗan. In kai ya juya gefe ɗaya su rabu, in ya juya ɗaya gefen su taɓa ƙarfe.

"Ina can ina zargin baiwar Allah a cikin tanki," in ji Baba, yana dariya ƙasa-ƙasa, "ashe mai laifin na nan a wuya."

"Ni dai a rubuta ni na gano," in ji Inna daga bayan zanin gado.

"An rubuta. Kuɗin aikinki ki karɓa wurin mai babur."

Ya koya wa Auta yadda za ta yanke wurin da ya lalace, ta fere bakunan biyu, ta murɗe su tam, ta naɗe da salatif. Naɗin farko ya shafa ya ce ta warware, ya yi sako-sako. Na biyu ya karɓa. Sannan ya sa ta ɗaure wayar nesa da ƙarfen, ta bar mata ɗan sarari yadda kai zai juya ba tare da ya ja ta ba. Ta juya hagu, ta juya dama, allura ba ta ko motsa ba.

Auta ta fara tattara kayan aikin. Baba ya ce, "Ba a gama ba. Gyaran da ba a gwada a hanya ba, ba a san shi ba tukuna. Je ki gidan mai ki cika tanki, ki bi ta hanyar nan mai gargada."

"To, Baba."

Ya murza baƙin man da ya shafi yatsunsa.

"In wata waya tana gogar wani wuri, ke ba za ki ji ba. Miƙo min hulata."

Inna ta leƙo. Ta shiga ɗaki da kanta ta ɗauko hular da takalmansa.

Auta ta fitar da babur ɗin ƙofar gida, ta riƙe shi da kyau har ya hau baya ya dafa kafaɗunta. Ta tayar, suka bi layin a hankali. Mai shagon kan kwana ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu yana kiran Baba, Baba ya amsa masa da ƙarfi ba tare da ya san ta ina zai juya ba.

"Me allurar ke cewa?" ya tambaya a kunnenta.

"Ta ce saura ƙiris mu tura shi, Baba."

"To wannan karon gaskiya ta faɗa. Ƙara wuta mu isa."