Durƙuson Josimar

Mijina Valdomiro ko firij zai buɗe sai ya tsaya ya daidaita ƙafafunsa tukuna. Tun kafin in aure shi yake koyar da kareti a zauren ƙungiyar unguwarmu a nan Manaus ta ƙasar Brazil, kowa Sensei yake ce masa, wato malam, har mai kawo mana gas. Ni ce nake wanke fararen kayan nan nasa, ni na san abin da makarantar take kawowa gida, don haka in na yi masa tsiya ina da hakki.

Lafiya lau muke har wani Bira ya zo da jiyu-jitsu ɗinsa, kokawar nan da ƙarti suke kwanciya a ƙasa suna shaƙe juna. Aka raba musu zauren, kowa da ranakunsa na yamma. Kafin ka ce kwabo samarin unguwa sun koma wajensa, kowa so yake ya shiga damben keji, inda ake naushi da shuri da shaƙa duk a haɗe. Bira ya ce yana son yamma gaba ɗaya. Valdomiro ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa.

Shugaban ƙungiya, Seu Aderbal, ya gaji da rabon faɗa. Ya ce za a kafa keji a filin ƙwallon unguwa ranar Lahadi, kowa ya kawo yaronsa. Wanda ya ci ya riƙe yamma, wanda aka ci ya koma safe. Safe kuwa yara suna makaranta, manya suna aiki, ko kare ba ya leƙa zauren. Makarantar da aka mayar safe ta mutu ke nan.

"Maigida, ka dai yi tunani," na ce masa muna cin kifi da garin rogo. "Yaranka iska suka saba naushi, ita kuma iska ba ta ramawa."

"Zuleide, ba ki san kareti ba. Bugu ɗaya, magana ta ƙare."

"Haka ka ce lokacin da ɓarawo ya sace kekenka."

Josimar ya fitar, babban almajirinsa, dogo, shiru-shiru, direban babur ɗin haya. Yaron kirki ne har ya yi yawa, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Bira ya fitar da Cleiton, wani guntu mai wuya kamar turmi, kunnuwansa duk sun murɗe saboda gogar tabarma.

Ranar Lahadi da la'asar filin ya cika maƙil, ga zafi, ga masu sayar da giya da tsire. Mutanen Bira sai ihu suke: "Kai mai rawa! Ina ka baro rigar baccinka?" Ni ina layin gaba, kunya ta riga ta kama ni tun kafin a fara.

To, a nan fa zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Karetin ya yi aiki. Josimar ya tsaya can nesa, a karkace, yana ɗan tsalle-tsalle. Cleiton ya sunkuyo zai kama ƙafa, ya kama iska. Ya sake zuwa, ya ci karo da keji. Duk shigowar da zai yi sai ya tarar da dunƙule a hancinsa, kafin ya ɗago mai dunƙulen ya bar wurin. Masu ihun rawa suka yi tsit. Bira yana ta "Kama shi! Kama shi mana, ɗan banza!" Cleiton ya juyo ya ce, "To ya tsaya mana!"

A zagaye na biyu Cleiton ya fusata ya afko kai a gaba. Ban ma ga tashin ƙafar ba, ƙarar kawai na ji, kamar an fasa kwakwa. Cleiton ya zube warwas. Filin ya kaure, ni kaina na tsinci kaina a kan kujera ina kiran sunan mijina kamar sabuwar amarya.

Abin da ya rage kawai shi ne Josimar ya bi shi ƙasa ya ƙara masa ko da ɗaya ne, alƙalin wasa ya raba. Kowane yaro a filin nan ya san haka. Amma a gasar kareti, in ka ji wa abokin karawarka ciwo, ba ka tsayawa a kansa. Juya masa baya kake yi, ka durƙusa, ka ɗora hannu a cinya, ka jira a duba shi. Ladabi ne. Josimar kuwa, ɗan halak, ya taka zuwa gefe, ya juya baya, ya durƙusa, ya miƙe wuya tsaf.

Alƙalin wasa ya tsaya baki buɗe, don bai tsayar da wasa ba. Cleiton ya buɗe ido ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana wahalar neman bayan mutane don ya shaƙe su, yau ga baya an ajiye masa, har da wuya a miƙe. Tsuntsu daga sama gasasshe. Da rarrafe ya je, yana layi, ya ɗafe shi.

Muna ta ihu, "Josimar, bayanka! Bayanka!" Shi kuwa ya ɗauka tafi ake yi masa. Sai da ya ji hannu a maƙogwaronsa. Bai ma buga tabarma alamar ya sallama ba, sumewa ya yi.

A hanyar gida na ga idon mijina ya yi ja, na ɗauka zuciyarsa ce ta karye. Har tausayinsa ya kama ni. Muna isa ƙofa ya ce, "Kin ga yadda ya durƙusa? Bayan nan a miƙe sak. Ni na koya masa."

Aka mayar da mu safe. Iyaye suka janye yaransu ɗaya bayan ɗaya, Josimar kuma kunya ta hana shi ko bi ta layinmu. Valdomiro kullum sai ya saka fararen kayansa ya tafi ya yi ta ihu shi kaɗai. Ni kuma na koma soya fanke ina kai wa bakin tasha.

Wata safiya na kai masa kofi, sai ga Cleiton a bakin ƙofa, an ɗaure masa haƙora da waya, magana ma da ƙyar. Bayansa samari huɗu ne daga wajen Bira, kowa da jakarsa.

"Sensei, barka da asuba," ya ce. "Shurin nan muke so ka koya mana. Da yadda ake tsayawa nesa. Kullum da safe za mu zo, mun yi magana da wasu ma."

Na riƙe kofin da hannu biyu ina addu'a a zuci.

Valdomiro ya gyara baƙar ɗamararsa. "A nan da durƙuso ake farawa. Sai ka iya gaisuwa da zama, ka shekara biyu, sannan ka ɗaga ƙafa."

"Haba Sensei, ai durƙuson na gan shi. Shurin kawai."

"Ba na sayar da shi a yanke."

"Maigida," na ce, "don Allah."

Ko kallona bai yi ba. Cleiton ya so ya yi dariya, wayar ta hana shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A huta lafiya, Dona Zuleide," suka juya su biyar suka tafi.

Mijina ya karɓi kofin, ya kurɓa, ya ce sukari ya yi kaɗan. Na ce masa gara ya saba tun yanzu, kuɗin fanke ba ya isar sukari.