Yatsu Biyar a Kan Baƙin Gilashi

Ranar da za a zaɓi gilashin da za a shimfiɗa a kan kantar sabon kicin, Inna ta yafa mayafinta na fita unguwa. Ta ɗauka shawararta ake nema. Shekara talatin ta yi tana dafa wa ma'aikatan masaƙa abinci, amma da hannunta ya fara rawa ta ƙona tukunya sau ɗaya, Yaya ya ce ta huta. A gidansa muke zaune, ni da ita.

A shago, mai gilashi ya jera mana kala huɗu: fari, kore, ruwan toka, baƙi. Inna ta shafa farin.

"Wannan zai yi haske, mutum ya ga abin da yake yankawa."

"Wane mutum, Inna?" in ji Yaya, yana dariya. "Ke da ko cokali gardama yake miki?"

Mai gilashi ya sunkuyar da kai. Yaya ya jawo baƙin gabansa. Ni wankin mota nake yi, na san halin baƙi, kuma so nake a ɗauki na Inna. Sai na ce, "Yaya, kar ka ɗauki wannan. Ko yatsa aka ɗora sai ya nuna."

Ya dube ni. "Sake faɗa, Auta."

Na sake.

"Ashe kan nan naka yana aiki. Malam, shi za a yanka."

Bayan sati biyu aka kawo aka ɗora. Yaya ya kafa doka, ban da matarsa ba mai taɓawa. Kullum in ya dawo aiki, kafin ya cire takalmi, sai ya shiga ya ranƙwafa ya hangi gilashin ta hasken taga.

Wata rana ya samu. Sawun yatsu biyar, kusa da murhu. Abokan aikinsa biyu suna falo.

"Nawa ne," na ce.

"Ɗora mu gani."

Na ɗora a gefe. Nawa ya kusa ninka wancan.

Ya ƙwala wa Inna kira, ya ce wa abokan su zo su ga kicin. Ta shigo tana gyara ɗankwali.

"Ruwan zafi kawai na ɗora, Babana."

"Ban tambaye ki ba. Sa hannu."

Ta sa. Da ta ɗaga, sawun biyu iri ɗaya ne, har da ƙaramin yatsan da ya karkace.

"Kun gani? Gilashin nan ya fi maigadi aiki," Yaya ya ce wa abokansa. Ɗaya ya ɗan yi dariya, ɗayan ya kalli silin. Yaya ya miƙa mata tsumma.

Ta fara gogewa. Don kar ta faɗi sai ta dafa da hagu, wani sawun ya fito.

"Ga wani can, Inna," in ji Yaya.

Na miƙa hannu zan karɓi tsumman, ya ce in bar ta. Ta goge, ta sake dafawa, ya sake nuna mata. A karo na uku ta mayar da hannun hagun bayanta ta riƙe zani da shi, ta ci gaba da ɗaya.