Safar Hannun Amagase

Ƙyallen ya fi Kunio Tabuchi samun wuri a cikin jirgin ruwan. Matarsa Tokie ta shimfiɗa shi a kan gadonta, ta lulluɓe shi da bargo don kada iskar teku ta ɓata shi, ita kuma ta takure a gefe tana rungume da ledar amai. Fuskar Amagase ce a jikinsa, mai tsaron gidan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa. Wata huɗu ta yi tana ɗinka shi da hannu. Kunio kuwa tun bara maɓallin rigarsa ta sanyi ya cire, har yau da fil yake kama ta.

Duk wanda ke zama a bayan raga tare da mu ya san kishi yake yi. Tsohon direban bas ne, shekararsa sittin da shida, ya zauna yana kishin golan da bai kai 'yarsa Yuka shekaru ba. Tokie ta san ranar haihuwar Amagase, ta san gwiwar da ke damunsa, ta san ba ya cin naman alade. Rabon da ta riƙe hannun mijinta a kan titi kuwa, shi kansa ya manta.

Wannan wasa na birnin Busan, a ƙetaren teku, shi ne na ƙarshe ga Amagase. Gwiwar ta ƙi, likitoci sun ce ya haƙura. Tokie ba ta da burin da ya wuce ya ɗaga kai ya ga ƙyallenta kafin ya bar fili.

"Baban Yuka," ta ce da suka isa masauki, idonta a rufe, "ƙasa juyawa take yi da ni. Daure ka je ka manna mana takarda."

A gida haka muke yi. Ana gobe wasa, kowa zai je ƙofar fili ya manna takarda a ƙasa da salatif, ya rubuta sunansa. Takardar ce za ta tsaya maka a layi har gari ya waye, babu mai taɓa ta, babu mai tsallake ta. Na gaba a layi su ke samun ƙarfen bayan raga, inda ake rataya ƙyalle.

Kunio ya je. Ya tarar da takardu bakwai a jere a ƙofar baƙi, ta farko ta Ebina ce, mai sayar da kifi, makaɗin gangarmu. Ya tsuguna, ya rubuta Tabuchi da manyan haruffa, har ya ja salatif. Sai ya tuna yadda take gyara girar ƙyallen nan da allura tana murmushi ita kaɗai. Ya ninke takardar, ya cusa a aljihu, ya shiga wani ɗan gidan abinci ya sha romon alade mai zafi, kwano biyu, kamar mai ramuwa.

"Ka manna?"

"Na manna. Mu ne na takwas."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce.

Washegari da hantsi muka taho a natse, kowa ya dogara da takardarsa. Muka tarar da ƙofar fes, ko ɓurɓushin salatif babu. Masu shara sun ga takardu a ƙasa, sun yi aikinsu. 'Yan jami'ar garinmu da suka sauka daga jirgi da safen nan, waɗanda ba su manna komai ba, su ne a gaba.

"Ni ne na ɗaya!" Ebina ya dinga nuna wa mai gadi ƙasa. "Nan, nan wurin! Na ɗaya!"

Mai gadin ya dubi siminti, ya dubi Ebina, ya nuna masa ƙarshen layi.

"Sai ka yi haƙuri, Direba," Ebina ya ce wa Kunio yana share gumi. "Taka ma tana cikin kwandon shara. Ka yi wahalar banza."

Tokie ta dafa kafaɗar mijinta. "Ba laifinka ba ne." Kunio ya sa hannu a aljihu, ya damƙe takardar.

Kafin mu shiga, ƙarfen ya cika da ƙyallayen 'yan jami'a. Tokie ta bi shi daga wannan kai zuwa wancan, ba ta sami ko taku ɗaya ba. Ta zura sanduna biyu a gefen ƙyallen ta ɗaga, amma hannunta bai yi minti biyar a sama ba ya fara rawa. Ta zauna, ta ɗora shi a cinya, tana shafa shi. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi wa Kunio sauƙi.

"Kawo nan," ya ce. "Kin cika ni da tagumi."

Haka Kunio Tabuchi ya tsaya tun daga busa ta farko, hannaye a sama, yana ɗauke da fuskar mutumin da ya fi jin haushi a duniya. Bai ga wasan ba, bayan ƙyalle kawai yake gani da kullin zare. Da kunne ya bi komai. Idan Amagase ya ture ƙwallo, sai ya ji ihun Tokie a kunnensa na hagu: "Ka gani? Ka ga hannu?"

"Ina zan gani? Ƙeyarsa nake kallo."

"Ɗaga dai, Direba, surukinka na aiki!" in ji Ebina, muka kwashe da dariya.

Ɗaya da nema aka ci mu, saura minti shida a tashi. Da aka tashi, 'yan wasa suka zo gabanmu suka jeru, suka rusuna. Amagase ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, sai ya wuce ƙyallayen da ke rataye, ya tsaya daidai wanda ke karkarwa a hannun wani tsoho. Ya cire safar hannunsa, ya haura allon talla da gwiwar nan tasa, ya miƙa wa Kunio.

"Baba, tun ɗazu nake ganinka. Ko sau ɗaya ba ka sauke ba. Na gode."

"Ai ba ni na ɗinka ba, ga—"

Ganga ta cinye sauran maganar. Amagase ya sake rusunawa, ya juya, ya tafi yana ɗingishi. Tokie tana nan tsaye a gefe, bakinta a buɗe, bai ko dube ta ba.

Muka tsince sharar wurinmu a leda kamar yadda muka saba. Kunio ya faki ido ya jefa takardar aljihunsa a ciki. Hannayensa sun sandare da sanyi da gajiya, don haka ya zura safar. Ta yi masa yawa, ga danshin gumi a ciki.

A hanyar tashar jirgin ruwa, da suka zo tsallaka titi, Tokie ta kama hannunsa na dama, ta saƙa yatsunta cikin nasa, ta matse. Suka tsallaka, ba ta saki ba. Suka wuce kasuwar kifi, ba ta saki ba.

Kunio ya san sarai ba hannunsa ta riƙe ba. Tafinsa ya fara zufa, safar tana ƙaiƙayi, amma bai cire ba.