Jemagen Solange

Mutum biyu kacal suka turo jirgin daga rumfar jirage, ko haki ba su yi ba. Fiffike ne zalla, na katako da yadi, da ɗan gurbin zama a tsakiya. Ba inji, ba wutsiya. Solange Marsat ta tsince shi a wani tsohon rumbu kaji suna kwana a cikinsa, shekarar da ta yi ritaya daga koyar da aikin kafinta, ta kuma shafe shekara shida tana gyaransa a bayan gidanta.

"Jemagen ya fito," in ji Fernand, shugaban kulob ɗin matuƙa jirage, riƙe da kofin gahawa. "Madam, ina sauran rabin? Ko a gida kika manta shi?"

"Abin da ba shi da amfani na bari a gida. Matarka ma haka ya kamata ta yi yau."

'Yan kulob suka kwashe da dariya. Fernand ya karɓi takardar mai duba jirage, ya juya ta gaba da baya, bai sami abin kamawa ba.

"Ni ba zan hana ki ba," ya ce. "Ki dai nemo wanda zai ja ki."

Nan gizo yake saƙa. Jirgi mara inji sai mai inji ya ja shi da igiya ya kai shi sama, kuma duk filin mutum ɗaya ne mai wannan aiki, Gilbert. Ta same shi yana goge gilashin jirginsa, yana yi kamar bai ji komai ba.

"Solange, jikokina uku."

"Nawa biyar."

"Abin nan naki ba nauyi. Zai riga ni tashi. In kika haye samana, igiya za ta ɗaga wutsiyar jirgina, hancinsa ya soki ƙasa. Haka na ga an yi wa abokina a nan, gaban itatuwan can."

"Ina wurin, Gilbert. Ni na riƙe matarsa. Kafin ka ji komai na saki igiya."

"Kowa haka yake cewa."

"To ni ba kowa ba ce. Kai dai ka ja a hankali, ba buhun dankali ka ɗauko ba."

Ya daɗe yana goge wuri ɗaya, sannan ya jefar da tsumman.

Igiyar tata mai reshe biyu ce, kowane reshe da ƙugiyarsa a ƙarƙashin fiffike. Sau uku ta sa aka ɗaura, sau uku ta ja mariƙin rawaya mai sakin igiya ta ga duka biyun sun faɗi tare, kafin ta yarda aka rufe mata gilashi.

Igiya ta miƙe. Ciyawa ta soma gudu. Jemagen ya bar ƙasa tun Gilbert yana kan tayoyinsa, Solange ta danne shi ƙasa-ƙasa da yatsu biyu a kan sandar tuƙi, don jirgin da ba shi da wutsiya ba ya yafe wa hannu mai gaggawa. Suka tashi tare. Ta ji katakon da ta goge da hannunta yana amsa mata.

Suna kaiwa saitin itatuwa iska ta buge ta daga ƙasa. Jirgin ya yi tsalle. Ta duba gaba, babu Gilbert, ya ɓace a ƙarƙashin hancin jirginta.

Zuciyarta ta ce ta jure, daƙiƙa biyu kawai za ta daidaita shi. Ta san Fernand yana can ya kafa mata ido. Ta ja mariƙin rawaya.

Igiya ta tafi. Ba ta yi saman da za ta iya juyawa ba, sai ta miƙe gaba, ta tsallake shingen waya da ƙyar, ta sauka a gonar da aka yanke wa ciyawa. Jirgin ya ja ciki kaɗan, ya tsaya, ya kwantar da fiffike ɗaya. Shanu uku suka zuba mata ido daga makiyayar gefe.

Fernand ne ya fara isowa da mota, da wasu mutum biyu.

"Daƙiƙa arba'in!" ya ce tun bai fito ba. "Shekara shida, daƙiƙa arba'in. Madam, ya isa haka. A rataye shi a rumfa, baƙi su riƙa ɗaukar hoto."

Ba ta ko kalle shi ba. Tana durƙushe tana bin ƙarƙashin fiffiken da tafin hannu, tana ƙwanƙwasa katako tana saurara. Babu tsaga.

Gilbert ya sauke jirginsa a fili, ya taho da ƙafa. Fuskarsa ta yi fari fat, ya yi ta ƙyasta ashana sigari ta ƙi kamawa.

"Na ji wutsiyata ta ɗaga," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Hannuna bai kai ga nawa mariƙin ba. Ta riga ni."



"Iska tana kwantawa ƙarfe huɗu," in ji Solange, tana kakkaɓe gwiwa. "Gilbert?"

"Kai, kar ka biye mata!" Fernand ya ce.

Gilbert ya mayar da sigarin cikin kwali. "Igiyar nan ta yi gajarta. Akwai doguwa a rumfa. Huɗu da rabi, kuma ki ci wani abu tukuna, tsohuwa."

"Tsohuwa ta haife ka. Fernand, kama wancan fiffiken. Daga ƙasa, inda na ja jan layi. In yatsanka ya huda min yadi, kai za ka ɗinke shi."

Ya tsaya yana huci, sannan ya sunkuya ya kama. Su huɗu suka ɗaga jirgin suka tsallaka shinge da shi.

"In ya sake faruwa fa?" Fernand ya tambaya, wayar shingen ta kama masa wando.

"Sai in sake saki, ka sake ɗauka."

Ta wuce gaba tana nuna musu inda babu rami, su kuma suna biye da ita a hankali, fiffiken yana rawa a hannuwansu duk lokacin da iska ta taɓa shi.