Takin da Bai Huce Ba

Ƙananan hukumomin biyu sun daɗe ba sa ga-maciji da juna, sai shara ta shirya su. Ta birni tana da kasuwar kayan gwari da ke zubar da ruɓaɓɓen tumatir da ganye tifa-tifa, babu wurin kaiwa. Ta ƙauye tana da masu lambu, ƙasarsu ta gaji, takin buhu kuma ya fi ƙarfinsu. Aka kafa kwamiti, aka zauna, aka sha lemo, aka rubuta yarjejeniya: birni ya kawo shara, ƙauye ya ba da fili a mai da ita taki, abin da aka noma ya koma kasuwar birni. Dabara ce mai kyau, har waɗanda ba sa yabon kwamiti sun yaba.

Malamin gona aka ɗora wa kula da tsibin sharar da ake mayarwa taki. Shekara goma sha huɗu yana zaga gonaki a kan babur, yanzu an yi masa alkawarin kujerar shugaban aikin. Amma manoma suka ce atafau ba za su zuba bolar birni a lambunsu ba. Dole ya cire takalmi ya durƙusa gaban surukinsa, tsohon mai lambu wanda in ya ɗaga ƙafa sauran ke sa tasu. Tsohon ya saurara, ya ce a kawo masa tifar farko, dama barkononsa ya isa dashe. Jin haka mutum arba'in suka ba da sunansu.

Ranar Litinin, saura kwana uku bikin fara raba takin, malamin gona ya naɗe hannun riga ya cusa hannu cikin tsibin har gwiwar hannu. Ba shiri ya zaro shi. Ciki kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Takin da bai huce ba, kwana biyu ya ishe shi ya ƙone saiwar dashe. Wannan yana bukatar mako uku ana juya shi.

Ya sami sakataren kwamiti a ofis, fanka na kaɗa takardu, an danne su da kofin shayi.

"Ranka ya daɗe, takin nan bai huce ba. A ɗaga bikin."

"A ɗaga me? An buga kati, an kama rumfa. Ka san wuyar da na sha kafin ciyaman biyun nan su yarda su zauna inuwa ɗaya? Ka zuba masa ruwa mana."

"Ba irin wannan zafin ba ne."

Sakatare ya cire tabarau. "Ranar Alhamis za a sanar da kujerarka. Ko ita ma a ɗaga?"

Malamin gona ya juya ya fito. Tsoro ya ji, ba wani abu ba. Ya yi ta lallashin kansa cewa bayan biki zai bi mutum arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya ya raɗa musu, alhali ya san manomi da taki a hannu ba ya jiran gobe. Da matarsa ta tambaye shi me za ta gaya wa Baba, sai ya ce komai lafiya.

Ranar Alhamis tifa ta juye takin a bakin lambun tsohon. Ciyaman biyu suka riƙe shebur ɗaya, kowa na jan ƙotar wajensa don ya fi fitowa a hoto. Masu lambu na tsaye da baro da buhuna.

Sai tsohon ya taso daga kujerar roba. Bai nemi izini ba. Ya naɗe hannun riga ya nutsa hannu cikin takin, ya bar shi a ciki, ya juyo ya dubi mijin 'yarsa.

"Malam, a zuba?"

Sakatare ya kafe malamin da ido. Malamin gona ya dubi jerin barkonon da ke bayan tsohon, 'yan ganye huɗu-huɗu, an yi musu ban ruwa da safe.

"A'a, Baba. Kada kowa ya zuba. Sai bayan mako uku."

Ciyaman na birni ya ce dama ya san ƙauye za su ɓata abin. Na ƙauye ya ce sharar wa aka kawo? Aka ci abinci a tsaitsaye aka watse. Yarjejeniya dai ba ta mutu ba, don sharar birni ba ta da wani wurin zuwa. Kujerar ce aka ba wani.

Washegari da sassafe malamin gona ya jingine babur a bakin lambun. Ya tarar da tsohon yana juya tsibin, tururi na tashi.

"Baba, ku gafarce ni. Tun Litinin na sani."

"Ni tun daga kujera na hango tururinsa," in ji tsohon. "Shekara hamsin ina zuba taki, ba sai na tambayi kowa ba. Bakinka nake so mutanen nan su ji, don gobe in ka ce a zuba, su zuba."

Ya miƙa masa shebur. "Fara daga wancan gefen."