Mai Juya Shafi

A ƙungiyar makaɗan garin, masu goge bibbiyu suke zama, takardar kiɗa ɗaya a gabansu, kuma wanda ke kujerar ciki shi ke juya shafi. Drahomira ce ta ciki. Tun tana sabuwar shiga aka zaunar da ita kusa da Oldrich, ga shi yau gashinta ya soma furfura, nasa kuwa ya zube, ba su taɓa sauya wuri ba. Draha yake kiranta, ita kuma Olda, sai in ya ɓata mata rai ta kira shi da sunan gidansu kamar baƙo, Pan Vondrak, wato Malam Vondrak.

Kiɗan ranar Lahadi kashi biyu aka tsara shi: na Jamusawa da farko, bayan hutu kuma na gida, na ƙasarsu Cek. An gayyato baƙon jagora daga Dresden, wani siririn mutum mai suna Herr Tauscher, wanda ba ya son ko tari a lokacin gwaji.

A wurin gwajin ne abin ya faru. Ɗakin da sanyi, yatsunta sun ƙage, sai ta haɗa shafi biyu ta juya. Ta san halin Olda, kuskure kaɗan sai ya yi mata tsaki a hankali. Amma bai yi ba. Ya gyaɗa mata kai yadda ya saba, ya ci gaba da goga abinsa daidai, idonsa a kan shafin da ba shi ba ne. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta mayar da takardar. Olda ba karantawa yake ba. Da ka yake yi.

Da haka kawai ne, da ta yi shiru. To amma a kiɗan Jamusawan akwai wani wuri da ake komawa farko a maimaita, haka suke yi tun suna matasa, sai baƙon ya ce shi ba ya son maimaicin, a wuce kawai. Kowa ya ɗauki fensir ya sa alama. Olda ma ya ɗauki nasu, ya ja layi a gefen takarda inda babu rubutun komai. A gwajin ƙarshe hannunsa ya bi abin da ya saba, ya koma farko shi kaɗai. Da baƙon ya juyo, Draha ta ɗaga sandar gogenta ta ce ita ce.

Bayan an tashi ta ja shi shagon kofi da ke bayan zauren. Ya soma tsokanarta, wai tsufa ya kama ta har ta fara ɓata kiɗan baƙi. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi tun yaushe idonsa ya daina gani sosai.

Ya juya cokali a kofi har ya gaji. Ya ce tun bara. Gefe-gefe yana gani, tsakiya ne ya zama hazo, likita kuma ya ce ba ya dawowa.

"Shi ne ka bar ni ina ta juya maka takarda kamar wawiya, Pan Vondrak?"

"To ai ke kina buƙata. Ba ki taɓa haddace komai ba, Draha, ko lambar gidanku."

Ta ce in shugaban masu goge ya tambaye ta, ba za ta sake yin ƙarya ba. Ya ce bai roƙe ta ba. Lahadi kawai yake so. Kiɗan Cek ɗin da za a yi, shi ne na farko da ya taɓa yi a wannan zauren, da aron kwat ɗin ƙanin babansa, kuma ba ya son a sallame shi kafin ya sake yin sa.

Ranar Lahadi da rana zauren ya cika. Tsofaffin garin sun zo da kayansu na fita, ga kuma wata motar Jamusawa da ta tsallako iyaka. Draha ba ta ji daɗin kashin farko ba ko kaɗan, hankalinta duk yana kan wurin nan. Da suka matso, ta ga kafaɗarsa ta ɗaga yadda take yi in zai koma farko. Ta zura ƙafa a hankali ta taka takalminsa, ta danna. Sandarsa ta ɗan tsaya a iska. Sannan ya wuce tare da kowa.

Bayan hutu aka shiga na gida. Nan Olda ya rufe ido gaba ɗaya, bai ƙara yin kamar yana dubawa ba. Ta sha jin sa yana wannan kiɗan, amma ba ta taɓa jin gogensa ya yi taushi haka ba. Ita dai ta ci gaba da aikinta. Duk shafin da ta juya, ƙarar takardar kawai yake ji, ya gyaɗa mata kai.

Aka gama, mutane suka miƙe suna tafi, makaɗa suka tashi tsaye. Olda ya lalubi fensirin da ke kan maɗorin takarda, ya sa mata a hannu.

"Gobe ki koma kujerata, ta waje," ya ce. "Duk wanda suka kawo miki, ki yi masa haƙuri. Kar ki yi masa tsaki."

Ta so ta ce ai shi ne mai tsakin, sai kawai ta damƙe fensirin. Da aka soma watsewa ta rufe takardar, ta riƙe masa hannun kwat, suka sauka matakalar tare, tana faɗa masa inda kowace take.