Gurbin 'Yan Amshi

Tun ranar Laraba da faifan ya iso ta gidan waya, Dona Eunice ba ta sake yi wa kowa magana da daɗin rai ba. Ta yi faɗa da mai kawo gas, ta yi faɗa da mai kifi a kasuwar Madureira, har karen maƙwabta da bai san hawa ba bai san sauka ba ya sha tsintsiya.

Faifan na Cíntia Valadão ne, wata mawaƙiyar jaz 'yar unguwannin bakin teku, wadda ta yi shekara goma sha biyu a Turai ta dawo Rio da suna. Ta zaɓi waƙoƙi goma sha biyu na tsofaffin marubutan waƙa na Brazil ta rera su da salonta. Goma sha ɗaya na manya ne, waɗanda ko direban bas ya san su. Ta ƙarshen ta Seu Anacleto ce, mijin Dona Eunice, tsohon mai gyaran birkin jirgin ƙasa, wanda ya ƙirƙiri waƙoƙin samba, kiɗan unguwannin Rio, fiye da sittin ba a taɓa sa ko ɗaya a faifai ba. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da magana, don haka matarsa ke sa hannu a madadinsa. In ta sa hannu a takardar da aka haɗo da faifan, waƙar za ta fita duniya. In ta ƙi, ranar Juma'a kamfani zai cire ta, ta koma inda sauran sittin ɗin suke, wato bakin tsofaffin mata huɗu.

Dona Eunice ta saurara sau ɗaya a kicin, wuƙa a hannu, ta kusa yanke yatsa. Ba wai muryar ba ta da daɗi ba ne. Muryar yarinyar kam Allah ya yi mata. Ta rage wa waƙar gudu, to, wannan ma da sauƙi, 'yan jaz haka suke, ko gaisuwa sai sun ja ta. Abin da ya tsaya wa Dona Eunice a wuya shi ne amshi.

A farfajiyar ƙungiyar samba ta unguwarsu, mai sabuwar waƙa yakan shiga tsakiyar da'ira ya jefa baitinsa, sai ya dakata. Mata ne ke yanke hukunci. In waƙar ta shige su, su amsa gaba ɗaya, shi ke nan ta rayu. In suka kame baki, ta mutu a nan take, mai ita ya cire hularsa ya koma wurin zamansa, ba kuma ya ƙara rera ta ko a banɗaki. Shekara arba'in da shida Dona Eunice ta yi a sahun matan nan. A waƙar da aka ɗauka, Anacleto yakan jefa, "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" mata su amsa, "Bar ta haka, akwai mai zuwa." To a faifan Cíntia tambayar na nan, amsar ce babu. Inda ya kamata mata su shigo, shiru ne fayau, tsawon bugun kiɗa takwas, sannan fiyano ya lallaɓo ya ci gaba.

Ranar Lahadi da azahar Cíntia ta zo da kanta, da furanni a hannu. Ta tarar da tukunyar baƙin wake da nama a kan wuta a bayan gida, da Dona Guiomar, ƙawar Eunice tun 'yammatanci, da sauran 'yan amshi biyu da suka rage, suna yanka ganye a gindin mangwaro.

"Dona Eunice, kin ji faifan?"

"Na ji. Ajiye furen can, ba wanda ya mutu tukuna."

Dona Guiomar ta turo mata kujera da ƙafa. "Zauna, 'yar nan. Haka take tun kafin a haife ki. Ba ta cizo, haƙoran ma ba nata ba ne."

Cíntia ta yi murmushi ta zauna a bakin kujerar. Ta fara bayani da irin muryar nan ta masu hira a rediyo. Ta ce a ɗakin ajiya na jami'a ta ci karo da wani tsohon kaset na shekarar tamanin da huɗu, Seu Anacleto shi kaɗai yana rerawa. Ta ce ba ta taɓa jin mai waƙar da ya san darajar shiru kamarsa ba: ya yi tambaya, ya bar ta a rataye, ba amsa, kamar mutum a gidan da kowa ya watse. Ta ce ta yi kuka ranar da ta fara ji, kuma a kan shirun nan ta gina faifan gaba ɗaya.

Dona Eunice ta ajiye ludayi a hankali. Ta tuna kaset ɗin sarai.

"Shiru," ta ce. "Guiomar, kin ji sabon sunanmu? Shiru."

"Ban gane ba, Dona Eunice."

"Ai ba za ki gane ba. A shekarar nan wani mai gemu ya zo daga jami'a da akwatin naɗar murya. Muka yi wanka, muka sa kayan fita, mu tara. Muna buɗe baki ya ce wai muna cika masa na'ura da hayaniya, shi marubucin yake so zalla. Ya kora mu kicin. A kicin ɗin can, ga shi kina kallo, muka tsaya muna soya masa rogon da ya cinye kafin ya tafi. Shi kuma tsoho bai iya rera waƙarsa ba tare da ya bar mana wurinmu ba, sai ya riƙa dakatawa yana ƙirga mu a ransa. Abin da kika yi wa kuka ke nan. Ba gidan da kowa ya watse ba ne, 'yar nan, gida ne da aka kulle mata tara a kicin."

Fuskar Cíntia ta yi ja har wuya. "Ba a rubuta haka a jikin kaset ɗin ba. Sunansa kawai aka sa."

"Mai gemun ne zai rubuta? Jirgi ɗaya ne daga tsakiyar gari zuwa nan, minti arba'in. Kin iya zuwa Turai, kin kasa zuwa ki tambaya."

"Na yi kuskure, na yarda. Amma lokaci ya ƙure, ranar Juma'a za su rufe aikin. Ranar ƙaddamarwa sai ku zo ku huɗu, in gabatar da ku a gaban jama'a."

"A sa mana fararen kaya a jera mu kamar tukwanen fure, a tafa mana, mu dawo a jirgin ƙarshe. Na gode."

Nan Cíntia ma ta ɗan miƙe zaune. Ashe ita ma akwai zuciya a ƙarƙashin ladabin.

"To bari in faɗa miki gaskiya, tunda gaskiya ake yi. Ko da akwai lokaci, shirun nake so. Haka waƙar ta zo mini, haka na ƙaunace ta. Kuma ku huɗu kuka rage, Dona Eunice. Wa zai amsa bayanku? A unguwar nan akwai wata 'yar ƙasa da shekara sittin da ta san baiti ɗaya na Seu Anacleto? Ni ce kaɗai na zo neman waƙarsa cikin shekara arba'in."

Wuƙaƙen yanka ganye suka tsaya. Abin da ya fi ƙona wa Dona Eunice rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganar. 'Ya'yanta biyu suna São Paulo, jikokinta in sun zo hutu kunnuwansu a toshe suke da waya. Ta ji kamar ta ɗaga tukunyar waken ta juye wa yarinyar a kan farin wandonta.

"Madalla," ta ce. "Mai waƙa yana ciki, da ransa. Bakinsa ne ya tafi, kunnensa na nan. A sa masa ya ji. In ya gyaɗa kai, kawo takardarki in sa hannu yanzu. In bai gyaɗa ba, ki kwashe furenki."

Ta shiga ɗaki turo shi. Kafin ta wuce ta sunkuya kan ƙawayenta, ta yi ƙasa da murya. "Kada wadda ta buɗe baki. Ku bar shi ya ji abin da ta yi masa, tsirara, yadda duniya za ta ji."

"Eunice, kin san kansa yana haɗa jiya da yau," in ji Dona Guiomar.

"Na ce kada wadda ta buɗe baki."

Ta fito da Seu Anacleto a keken guragu, da farar riga da hular kabarsa, don ko asibiti ba ya yarda a kai shi ba hula. Ya dubi baƙuwar, ya dubi matan huɗu da suka jeru a hagunsa kamar yadda suka saba jeruwa a farfajiya. Cíntia ta durƙusa ta sumbaci hannunsa mai lafiya, sannan ta ɗora 'yar na'urarta a kan tebur ta kunna.

Fiyano ya yi ta kewaye-kewayensa, tsohon yana kallon ganyen mangwaro. Da muryar ta shigo sai ya juyo. Yatsun hagunsa suka fara bugun hannun keken, daidai, ba kuskure, suna cusa samba a ƙarƙashin jan jikin fiyanon. Leɓensa ya motsa. Sai kuma murya ta fito, a dishe, a karkace, amma kalmomin a cike, daga bakin da ya shekara biyu bai iya cewa a ba shi ruwa ba.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Ya ɗaga haɓa wajen matan, ya dakata.

Amshin ya taso wa Dona Eunice har maƙogwaro, da kansa, kamar tari. Ta haɗiye shi. Dona Guiomar ta ja numfashi za ta shiga, Eunice ta damƙe mata hannu har farce ya nutse. Idonta na kan Cíntia, tana so yarinyar ta ga ramin da ta haƙa, ta gan shi da kyau. Bugu takwas suka wuce, ba abin da ake ji sai tafasar wake.

Baiti na biyu ya zo. Tsohon ya sake jefawa, da ƙarfi wannan karon, kamar mai zaton ba a ji shi ba ne. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ta matarsa. Ita kuwa har lokacin yarinyar take harara.

A na uku bai jefa ba. Yatsun suka daina bugu. Muryar faifan ta yi tambayarta ita kaɗai. Seu Anacleto ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya cire hular, ya ɗora ta a gwiwa, ya sunkuyar da kai.

Cíntia ta kashe na'urar tun waƙar ba ta ƙare ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jaka.

"Na ga amsarsa," ta ce. "Zan gaya musu su cire ta. Ku yafe mini, Seu Anacleto."

Ta fita ba ta ɗauki furen ba. Aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe, sannan takunta a kan titi.

"To, kin gani," in ji Dona Eunice, tana haki kamar wadda ta hau tudu. "Shi ma bai yarda ba."

Dona Guiomar tana murza inda farcen ya shiga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba faifan ya ƙi ba, Eunice. Ko kallon na'urar bai yi ba. Mu ya tambaya, sau biyu, muka yi masa shiru."

Sai a lokacin Dona Eunice ta dubi mijinta da kyau. Ta san zaman nan. Ta ga maza da yawa sun yi shi a farfajiya, wasu ma ita ta sa su, amma shi ba ta taɓa ganinsa a haka ba, domin a shekara arba'in da shida mata ba su taɓa barin baitinsa ya faɗi ƙasa ba.

Ta durƙusa a gaban keken, gwiwoyinta suna ƙara. "Tsoho, ba haka ba ne. Wasa ne, don yarinyar nan muka yi. Sake jefawa, ga mu nan duka." Ta juya ga sauran. "Ku taso mana, me kuke jira?"

Suka matso su huɗu, suka rera masa amshin, da tafi, da duk muryar da ta rage musu. "Bar ta haka, akwai mai zuwa." Suka dakata, suka bar masa wurinsa. Suka sake, har sau uku. Dona Eunice ta ɗauki hular za ta mayar masa a ka, ya riƙe ta gam da hannu ɗaya a kan gwiwarsa. Shi mutum ne mai bin ƙa'ida, duk unguwar ta san shi da haka, kuma ba a maimaita waƙar da mata suka ƙi.

Ya nuna ƙofar ɗaki da haɓa, yana so a mayar da shi ciki.

Dona Eunice ta miƙe da kyar. Ranta na tafasa fiye da yadda ya tafasa duk satin. Ta waiga tana neman wanda za ta zazzage wa, mai gemu ko 'yar bakin teku ko ma karen maƙwabta, ba ta ga kowa ba sai ƙawayenta uku da suka kau da kai. Ta kama keken ta juya shi, ta tura mijinta ciki.